Rasuwar Habboba, Kwamfutar Haladu Adda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɓacin rai da har yanzu bai huce ba, Haladu Adda na Gadarif, direban tarakta a gonakin riɗi da dawa, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar kwamfutarsa ta kan tebur, wadda kowa ya sani da Habboba, wato kaka. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, tana tsakiyar aiki. Kada kowa ya ɗora wa tsufa laifi. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya yi yana nan yana yawo a gari da sifana a aljihu.

Marigayiya ta shigo gidan da tsufanta, daga wani ofishi da aka rufe. Mai haƙuri ce, marar ƙorafi. Ta sha ƙurar sussuka, ta sha zafin bazara, an ɗauke mata wuta ba sallama sau ba adadi, ba ta taɓa riƙe kowa a rai ba. Da an kunna ta sai ta ce "tit", sannan "gurrr", kamar dattijuwa tana gyaran murya kafin ta gaishe da baƙi.

Babban aikinta na alheri kuwa, 'yan gida ne kawai suka san shi. Salihu, ƙanin Haladu, yana Jidda yana aikin gidan burodi, kuma tun cacar bakin da suka yi a kan gonar mahaifinsu bai sake ɗaga wayar wansa ba. Sai wata Juma'a sunansa ya bayyana a wasan ƙwallon intanet da ke cikin Habboba, yana neman abokin karawa. Daga nan abin ya zama al'ada, kowace Juma'a bayan la'asar. Ba gaisuwa, ba tambayar gida, ƙwallo kawai. Mahaifiyarsu Ummusalama takan jawo kujera ta zauna. Ba ta san dokar wasan ba, amma idan 'yan wasan Salihu masu sanye da jan kaya suka motsa, ta san ɗanta na nan da ransa.

Ciwon ajali ya fara ne da aka sabunta wasan. 'Yan wasan Haladu suka koma tafiya kamar masu ciwon gwiwa, su tsaya cak, su zabura, su sake tsayawa. Salihu ya rubuto kalmomin farko da wansa ya samu daga gare shi cikin shekaru: "Ya zol," wato kai mutumin nan, "gyara injinka." Haladu bai ɓata lokaci ba. Ya sa wani mai fataucin Gallabat, garin bakin iyaka, ya samo masa katin hoto mai ƙarfi, wato na'urar da ke zana hotunan wasa, da ƙarin ƙwaƙwalwa, don wasa ya tafi sumul.

A nan ne Elnour ya shigo, mijin yayarsu Munira, makanikin tarakta, mutumin da duk abin da ke juyawa yake ganin majinyacinsa ne. Haladu ya tafi gona ya bar kayan a kwali, ya ce kada a taɓa. Elnour ya zo shan shayi, ya taɓa. Ya buɗe cikin baiwar Allah, ya ɗaga fanka, ya ga ɗan man nan mai ruwan toka da ke sanyaya mata kai ya bushe. Ya kankare shi da wuƙa. Ya dangwalo giris ɗin tarakta da babban yatsa ya lafta a wurin. Ya shafa wa fanka. Sababbin kayan ma sai da ya shafe musu ƙafafu, wai don su shige ramukansu ba gardama.

Da Haladu ya dawo, Elnour yana goge hannu ya ce masa, "Injin injin ne, ya akhi, ɗan'uwana. Wanda ya bushe giris yake so, khalas, shi ke nan." Haladu ya so ya buɗe ya duba, amma la'asar ta yi, sunan Salihu ya riga ya bayyana.

A gaskiya, da farko marigayiya ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Sai ɗakin ya fara warin gareji. Salihu ya zura ƙwallo, kuma kafin masu jan kaya su gama murna ta ce "tas", hayaƙi ya fito ta bayanta, fuskar talabijin ɗinta ta yi baƙi. Elnour ya leƙo ya ce wataƙila giris ɗin ne bai isa ba. Albarkacin Munira ya sa ya fita da ƙafafunsa.

Ta rasu ta bar talabijin ɗinta da ke zaune a duhu, da allon rubutu mai giɓin haƙori, da linzamin da ake jan kibiya da shi, da katin hoto sabo fil wanda bai kwana a duniya ba ya zama maraya. Ta bar Haladu, wanda ya kira Jidda har wayarsa ta yi zafi ba a ɗaga ba, saboda a can abin da aka gani shi ne an ci Haladu ƙwallo, ya yi fushi ya kashe na'ura. Ta kuma bar Ummusalama, wadda ta jawo kujerarta jiya ta zauna gaban baƙar fuska tana tambaya ko masu jan kayan lafiya.

Za a yi wa marigayiya sutura da buhun riɗi, a kai ta makwancinta bisa rufin ɗakin ajiya ranar Juma'a. Zaman makoki a ƙofar gida, akwai shayi. Elnour ya riƙe ta'aziyyarsa da giris ɗinsa.

Haladu ba ya neman gudummawa. Roƙonsa ɗaya ne: duk wanda Salihu ke ɗaga wayarsa, ya tura masa wannan sanarwa. A gaya masa ƙwallonsa ta shiga, an yarda, ba wanda ya yi fushi. A gaya masa kuma tsohuwarsu Ummusalama za ta jawo kujera ranar Juma'a bayan la'asar, kuma wayar Haladu tana kunne.