Geron Kyanwa

Yanzu har shago ake sayar da yashin kyanwa marar ƙura. A shekarun fari kuwa, a Sabon Birni, bayan rumbu kowace kyanwa take tonawa. Tawa mai tari ce, ƙura na shaƙe ta.

Na ce ma Hajiya, "Ku ba ku ga duniya ba. A Abijan tsakin hatsi ake zuba musu. Za ni gwada."

Na juye tiyar gero a daro. Kyanwar ta shinshina ta wuce abinta, kaji suka sauka.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Alhaji, mutane na cin dusa, kai ka yi ma kyanwa salga da gero?"

Har yau in na auni hatsi a kasuwar Isa, sai mai awo ya tambaya, "Na mutane ne, ko na kyanwa?"