Wadda Ta Fita, Ta Fita

Hajiya Zahra'u na tsakiyar shafa hoda kamar kowace safiya, madubi a gabanta, Gyadi-Gyadi a bayanta. Haka kuwa ya dace. Mace irinta ba ta juya wa madubi baya, unguwa ce ke haƙuri da kallon ƙeyarta.

Allah ya yi mata tsayi, ya yi mata faɗi, ya ba ta muryar da in ta yi sallama a Gyadi-Gyadi sai an amsa a Daurawa. Ita ce shugabar Ƙungiyar Zumuncin Matan Gyadi-Gyadi da Tarauni tun ranar da aka kafa ta, har wasu na cewa an fara samun shugabar kafin a sami ƙungiyar. Amma babbar baiwarta ita ce zama. Wani an ba shi ilimi, wani dukiya, ita zama aka ba ta. In ta sami kujerar gaba a gidan biki, sai amarya ta tafi, makaɗa su naɗe, masu hayar kujeru su zo su durƙusa suna roƙon ta ƙarƙashinta. A gabanta ana ce mata Uwar Ƙungiya. A bayanta kuwa, inda gaskiya ke shan iska, Zauna-Daram.

"Mace mai daraja ba ta zirga-zirga a taro," in ji ta, ba sau ɗaya ba. "Ni tun da nake ban taɓa sanin launin banɗakin gidan wani ba. Wadda ba ta iya riƙe kanta ba, yaya za ta riƙe jama'a?"

Daga wannan hikima ta haifa wa ƙungiya doka guda, gajera kamar wuƙar yankan kuɓewa: wadda ta fita, ta fita. Duk macen da ta bar falo kafin addu'ar rufe taro, ba ta da ƙuri'a a ranar, in kuma 'yar takara ce, ta janye ke nan. Dokar ta yi aikinta a zaɓen da ya wuce. Madam Akunna, mai shagon kayan masarufi a Unguwa Uku, ta tsaya neman kujerar, mata kuma sun karkata gare ta. Ana tsakar taro aka leƙo aka ce motarta ta tare wa mai ruwa hanya. Ta fita ta gyara, ta dawo ta tarar har an yi wa Hajiya barka.

"Doka ba ta san ƙawa ba," Hajiya ta ce mata cikin tausayi, tana gyara mayafi.

To, ana nan sai baƙi suka sauka a fuskar Uwar Ƙungiya. Ba su yi sallama ba. Ƙuraje ne, irin waɗanda ke damun 'yan mata masu shirin jarrabawa, suka tsallake duk 'yan matan Tarauni suka zo suka yada zango a haɓar mace mai jikoki. Suka bi gefen muƙamuƙi suka yi layi kamar masu jiran awara. Ta shafa man Dubai, suka yi ƙiba. Ta yi dilka, suka kira 'yan'uwansu. Ta lulluɓe su da hoda, suka leƙo ta ƙarƙashi kamar tsiron gero bayan ruwan farko. Sai kuma ciwon kai ya biyo baya, da jiri, da wani bugu a ƙeya kamar ana daka a maƙwabta.

Maigidanta Alhaji Ɗahiru, mutumin da ya shekara da shekaru yana zaune lafiya da kalmar "to" kaɗai, shi ya kai ta wani asibiti can nesa da unguwa, inda ba wanda zai gan ta a layi. Likitar ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta dubi haɓar, ta ce jini ya hau, ƙurajen kuma daga ciki suke, sinadaran jiki ne suka canza da shekaru. Kalmar "shekaru" Hajiya ta bar ta ta wuce kamar ba da ita ake ba. Likita ta rubuta wata 'yar ƙwaya wadda za ta taimaka wa duka biyun. Guda ɗaya kowace safiya, kada a ƙara, kada a tsallake, a dawo gwajin jini, a yi haƙuri don fata ba ta gyaruwa a mako. Sannan ta ce maganin yana fitar da ruwa daga jiki, saboda haka Hajiya za ta riƙa yawan zagayawa.

"'Yata," in ji Hajiya, tana murmushin manya, "ni nake gaya wa jikina lokacin da zai zaga."

Washegari jikin ya ba ta amsa. Tsakanin ɗakinta da banɗaki ta yi sawun da ba ta yi ba tun tana amarya. Alhaji Ɗahiru na zaune da rediyonsa yana ganin wucewarta kamar jirgin ƙasa, ya buɗe baki, ya tuna shekarun zaman lafiya, ya ce, "To."

Amma babbar mace ba ta rasa dabara. Hajiya ta tsara wa ƙwayar ranakun aiki. Ranar da take gida, ta sha. Ranar biki ko suna ko gaisuwa, ƙwaya ta huta. A haka ma maganin, da yake ba shi da zuciya, ya yi abin da zai iya. Bugun ƙeya ya lafa, baƙin haɓa suka fara tattara kayansu. Da mata suka ce, "Uwar Ƙungiya, wannan haske fa?" sai ta lumshe ido.

"Hasken zuciya ne. Ba a sayar da shi a kemis."

Sai makon zaɓe ya zo tare da bikin 'yar wani babban ɗan kasuwa a Babban Giji. Kamu, walima, yini, duk Hajiya na kujerar gaba daram, ƙwaya na gida cikin kwalinta tana hutun aiki. Ranar Asabar da safe, ranar da za a yi zaɓe, ta zauna gaban madubi, sai ga shi. Ƙurji ɗaya tak, a tsakiyar haɓa, ja, mai sheƙi, ya kafa tuta kamar sabon hakimi.

Ta jawo kwalin magani, ta ɓallo ta yau, ta ɓallo na kwanakin biki, ta tara su a tafin hannu.

Alhaji Ɗahiru ya rage muryar rediyo. Wannan karon ya yi ƙarfin hali. "Hajiya, likita fa ta ce..."

"Likita ta karanta boko, ni na karanta duniya. Ko azumi ya kuɓuce wa mutum, ramawa yake yi, balle 'yar ƙwaya. Yau zan rama, kafin la'asar wannan mara kunyar ya san gidan da ya shigo."

Ta watsa su baki ta kora da shayi. Kafin azahar ta zaga iya zagawa, ta tabbatar wa kanta cewa rijiya ta ƙafe. Ta ɗaura ɗankwali mai hawa kamar bene, ta fesa turare, ta nufi Tarauni. Tsuntsun da ya ja ruwa dai, an san wanda ruwa kan doka.

Taron a gidan Madam Akunna ya faɗo, ita ce kuma ta sake tsayawa takara. Falo ya cika. Ga Mairo mai ɗinki, wadda idonta ke auna mutum tun daga ƙofa. Ga Maman Blessing, malamar firamare 'yar Kafanchan, mai addu'ar da ba ta san hanyar gida ba. Aka ajiye wa Hajiya kujera mafi laushi, ta nutse a ciki kamar rana a yamma.

Akwai wata al'ada, ita ma Hajiya ce ta kafa ta: ba mai kai kofi baki sai shugaba ta ɗanɗana duk abin shan da aka kawo ta yanke hukunci. Madam Akunna kuwa ta yi bajinta. Zoɓo mai sanyi har kofi na gumi, kunun aya, lemon citta. Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ce zoɓon ya so ƙarin kanumfari, ta ƙara kofi don ta tabbatar.

Mairo ta buɗe taro da addu'a, gajera. Maman Blessing ta karɓa. Ta yi wa ƙungiya addu'a, ta yi wa Tarauni, ta yi wa Kano, ta tsallaka Kaduna, tana shirin shiga Filato ke nan Hajiya ta ji an ƙwanƙwasa. Ba a ƙofar falo ba. Can ƙasa, a hankali, kamar baƙo mai kunya.

Ta yi biris da shi. Wace ce ita da za a ƙwanƙwasa mata?

Aka ba ta fili ta yi jawabi. Jawabin Hajiya sananne ne, yakan fara daga kakarta ta wajen uwa, ya bi ta zuwanta Makka, ya sauka kan tukwanen haya da ta sama wa ƙungiya. Yau ma ta ɗauko shi da ƙarfi.

"'Yan'uwana mata, shugabanci dutse ne. Iska ta zo ta wuce, ruwa ya zo ya..."

Nan ta tsaya. Baƙon ya daina kunya. Ta ɗora ƙafa kan ƙafa, abin da ba a taɓa ganin ta yi ba. Ta sauke, ta ɗora ɗayar.

"A taƙaice dai, kun san ni. A yi zaɓe."

Mata suka dubi juna. Tun da aka kafa ƙungiya ba a taɓa jin "a taƙaice" daga wannan baki ba. Mairo ta dubi ƙafafun, ta dubi gumin da ke tsaga hoda yana gangarowa, ta dubi yadda Uwar Ƙungiya ke 'yar rausaya a kujera ba tare da kiɗa ba. Duk macen da ta taɓa ɗaukar ciki ta san wannan rawar. Mairo ta taɓa Maman Blessing da gwiwar hannu, saƙo ya zaga falo.

"Haba Uwar Ƙungiya," in ji Mairo da ladabi, "ba ki ba mu labarin Hajiya kaka ba. Mu da muka bar ɗinki don mu ji."

"Kun sha ji."

"Akwai sababbin shiga, Hajiya," in ji Maman Blessing. "Kuma na Makka ma, inda kika ce kin yini a zaune ba ki motsa ba. Wannan yana ƙarfafa mu sosai."

Yabo ne, Hajiya kuwa ba ta taɓa mayar da yabo ba. Ta ba da labarin kaka a guje, kamar mai karanta sanarwar ɓatan akuya. Ta shiga Makka ta fito cikin numfashi biyu. Tana cikin haka Madam Akunna ta ɗaga jug ɗin zoɓo sama, can sama, ta fara tsiyaya zoɓo a kofi, siriri, a hankali, yana waƙa.

"Hajiya, a ƙara miki? Maƙogwaronki ya bushe."

"Na ƙoshi."

"Kaɗan dai. Na sa kanumfarin da kika ce."

Kamar an haɗa baki da hukumar ruwa, famfon tsakar gida da ya yi makonni yana barci ya yi tari ya farka. Ruwa ya fara zuba a bokitin ƙarfe. Mawaƙa sun yabi kukan kurciya da sanyin asuba, amma ba a taɓa jin sauti mai ratsa jiki irin na wannan bokiti ba. Hajiya ta rufe ido. Ta ga madatsar ruwan Tiga, ta ga ta Bagauda, ta ga kogin da ba shi da gaɓa.

"A yi zaɓe," ta ce, murya ta sirance.

"Sai abokiyar takara ta yi nata jawabin," in ji Mairo. "Dokarki ce, Hajiya."

Madam Akunna ta miƙe ta gyara zani. Ta ce ita ba ta iya magana kamar Uwar Ƙungiya ba, saboda haka za ta bi a hankali. Za ta fara daga ranar da ta sauka a Kano, a motar dare, cikin wani ruwan sama da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ruwa ta sama, ruwa ta ƙasa, kwatoci sun cika suna ambaliya.

A nan dutse ya motsa.

Hajiya Zahra'u ta zaro waya daga jaka ta kafa a kunne. "Na'am? Daga Abuja? Ranki ya daɗe, ina cikin taro ne, amma tunda ke ce." Ta miƙe a hankali, gwiwoyi a haɗe, ɗankwali na rawa, falon ya ɗan juya mata ta dafa kujera. Ta dubi mata da ragowar girmanta. "Kira ne na manya. Ba fita ba ce, amsawa ce."

Sai wayar ta yi ƙara a kunnenta, da ƙarfi, har ta zabura. Alhaji Ɗahiru ne, yana so ya ji ko jikin da sauƙi.

Ba wadda ta yi dariya. Matan Tarauni suna da tarbiyya. Madam Akunna ce kawai ta matsa gefe ta ba da hanya, ta ce cikin tausayi, tana gyara mayafin da ba ta da shi:

"Ƙofa ta biyu a hagu, Hajiya. Launin banɗakin shuɗi ne. Akwai buta."

A faɗi gaskiya, ban da hakimin nan guda, fuskar Uwar Ƙungiya ta yi kyau a ranar, sumul kamar sabon faranti. Sai dai ba wadda ta samu ta yaba. Ƙeyarta kawai aka gani, tana fita da 'yan gajerun taku masu sauri, wayar na ta kuka a hannunta, labule ya faɗa a bayanta.