Naman Layyarmu da Akwatinku Mai Basira

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Kamfanin Lumisur, masu sa ido kan lafiyar wutar lantarki,
Abidjan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan na'urar sanyaya ofishinka ba ta taɓa yin ko tari ba. Ni ne Sayyadi Idrisu, ɗan kasuwa a Treichville, mazaunin Adjamé Liberté, mai babbar firiza ɗaya tilo a gidanmu na haya. Muna godiya da akwatin nan mai basira da kuka ɗaura a falwayar ƙofar gidanmu, wanda aka ce ko ƙiftawa wuta ta yi sai ya kai muku rahoto. Ga 'yan koke-kokena, a gafarce ni.

Na ɗaya. Gab da Babbar Sallah, wadda a nan ake kira Tabaski, ma'aikacinku ya tara mu a tsakar gida, ya rantse da Faransanci cewa wuta ta shiga hannun masana. Matan gidan, da suka gaji al'adar soya naman layya ƙayau su adana shi cikin mai, suka jingine kasko. Kowace ta ƙulle kasonta a leda, ta ɗaura ƙyalle don shaida, ta kawo shi firizata amana. Shin rantsuwa da Faransanci tana da kaffara?

Na biyu. Washegarin Sallah wuta ba ta ɗauke ba, wannan kam na shaide ku. Ramewa ta yi. Ƙwan fitila ya koma ja kamar garwashi, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, injin firiza ya yi ta gurnani har ya ƙone. Da yake 'yar fitilar jikinta tana nan a kunne, ba wanda ya buɗe ta sai da wari ya yi mana sallama.

Na uku. Akwatinku ya ga komai, Allah ya ƙara masa basira. Bayan warin ya gama zaga unguwa, saƙonku ya iso wayata, wai an lura da raguwar ƙarfin wuta, an adana bayanin domin nazari. Rahoton wata kuma ya ce matsakaicin ƙarfin wutarmu lafiya ƙalau. Ashe abin da aka rage mana shi aka ƙara wa Alu tela daga baya, har keken ɗinkinsa ya yi hayaƙi, lissafi ya daidaita. Wane ilimi ya kai wannan?

Na huɗu, kuma a nan dariyata ta ƙare. Hajiya Rakiya, dattijuwar gidanmu, ta shekara tana kiwon ragonta a bayan ɗaki. Cinyarsa ta ajiye a firizata don ɗanta Badaruddeen, direban babbar mota da ke hanyar dawowa daga Kano. Ta buɗe ledar, ta mayar ta ƙulle, ta ce mini ba komai. Tun ranar na kasa haɗa ido da ita. Kunya ta ishe ni, haushinku kuwa ya fi kunyar.

To, an hore mu da ba maƙwabci kasonsa na layya, kuma ba mu da maƙwabcin da ya fi akwatinku kusa. Da izinin Hajiya, mun rataye masa cinyar nan a gindinsa. Muna roƙon alfarma ka turo manyan injiniyoyinka su sauko da ita, su kai ofishinka, a rufe tagogi, a yi nazari a tsanake.

Naka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa da hanci a toshe,

Sayyadi Idrisu,
Adjamé Liberté.