Jajen Hajiya Tasalla a Garin Rumawa

Wani ma'aikacin asibiti ne a Kaduna, Muntari, ya yi wa surukarsa laifi, kuma ba da baki ya yi shi ba. Da daminar bara aka wuni biyu ana tafka ruwa a Malumfashi, katangar surukar tasa, Hajiya Tasalla, ta zube, ta haɗa da madafi da rumfar awaki. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba. A ranar matarsa Barira ta gaya masa, ya ce Asabar za su je jaje. Asabar ta zo da aiki, ta gaba ta zo da ɗaurin aure. Barira ta gaji ta tafi ita kaɗai. Maƙwabta sun shigo, dangi na Funtuwa sun zo, har mai kawo mata itace ya zo ya durƙusa ya yi nasa. Da aka yi wata biyu sai kunya ta rufe Muntari, ya ga in ya je yanzu tono maganar kawai zai yi. Sai ya yi gum, yana fatan a manta.

Hajiya ba ta tayar da maganar ba. Illa dai yajin daddawar da take aiko masa duk wata tun da ya auri 'yarta ya daina zuwa. In ya gaishe ta a waya, "lafiya" ɗaya take ba shi, ta ce a miƙo mata jikokinta. Muntari mutum ne da tuwo ba ya wuce masa sai da wannan yajin, amma abin da ya fi cin ransa shi ne wannan "lafiya" ɗin.

Ana nan sai ciwon gwiwa ya matsa wa Hajiya, likita ya ba da shawarar a kai ta Turkiyya. Muntari ya yi ruwa ya yi tsaki, ya ɗauki hutu, suka tafi Izmir su uku. Aka yi magani, ƙafa ta yi sauƙi, ya rage kwana uku su dawo. Nan dabara ta faɗo masa. Akwai yawon rabin wuni da ake kai baƙi wani tsohon gari na Girkawa da Rumawa, Afisa, wanda Turkawa ke kira Efes. Ya ce a ransa in Hajiya ta ga abin mamaki, ta ga irin hidimar da ake yi da ita, zuciyarta za ta yi sanyi, maganar katanga ta bi ruwa ba sai ya durƙusa ba.

Su goma sha biyu aka ɗauka a mota. Jagoransu wani Baturke ne mai suna Tolga, yana riƙe da jar lema a sama don kada a ɓace masa. Tun a bakin ƙofa ya yi gargaɗi cewa awa biyu za a yi, kuma mota ba ta jiran kowa.

Muntari ya sha karatu a kan garin tun kafin su fito, don haka shi ya karɓi tafinta. Da yake suruki ba ya kallon idon surukarsa, sai yake yi wa iska bayani, da ƙarfi yadda Hajiya za ta ji. Ga titi an shimfiɗe shi da farin dutse mai santsi. Ga inda suke wanka. Ga gaban gidan littattafansu, hawa biyu, har yanzu a tsaye. Hajiya na tafe a hankali da sandarta, Barira na riƙe da hannunta, har aka zo wani ɗaki mai dogon dakali da ramuka a jere.

"Nan kuma fa?" ta tambayi Barira.

"Bayan gidansu ne, Hajiya," in ji Muntari da sauri, yana kallon bango.

"A jere? Ba ko zana a tsakani?"

"Haka suke yi, Inna," Barira ta ce tana danne dariya. "Wai har hira suke yi."

"Kuma su ne aka ce masu ilimi. To, Allah Ya kyauta."

Muntari ya ji daɗi har cikin ransa. Ba da shi ta yi maganar ba, amma dai bayaninsa aka amsa. Ya ƙara ƙaimi. Da suka isa filin wasansu mai matakala kamar an sassaƙa tsauni, ya ce yana ɗaukar mutum sama da dubu ashirin, ya maimaita sau biyu.

Daga nan suka gangaro wani faffaɗan titi. Hagu da dama ginshiƙai ne a kwance, wasu sun karye gida uku, ga bangaye sun zube, ciyawa ta fito a tsakar ɗakuna, kyanwoyi na barci a kan duwatsu. Hajiya ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallo, ta girgiza kai.

"Ke, kira min mai lemar nan."

Barira ta yafito shi. Tolga ya zo da murmushinsa, ya ɗauka hoto ake so. Sai Hajiya ta gyara mayafi, ta dafa sanda, ta ɗan rusuna da gwiwar nan da aka gama yi wa magani.

"Sannunku, bawan Allah. Ashe abin da ya same ku ke nan? Ya muka ji da wannan asara?"

Barira ta dubi mijinta, ta dubi uwarta, ta fassara.

"Tambaye shi, ruwa ne ko gobara?"

Barira ta tambayi Tolga. Ya ce girgizar ƙasa ce, ba sau ɗaya ba, ga yaƙe-yaƙe, sannan teku ta ja baya, mutane suka watse.

"Innalillahi. An rasa rayuka ke nan."

Ya ce babu shakka, da yawa.

"Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba. In ka koma gida ka yi wa manya sannu."

Da Barira ta gama fassarawa, Baturken nan ya sauke lemarsa, ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana zagaya da baƙi a wurin nan, ba a taɓa yi masa sannu ba sai yau.

Sauran 'yan yawon kuwa sun zagaye su, wata Baturiya har ta ɗaga waya tana ɗauka. Muntari ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya duba agogo, saura minti goma mota ta tashi. Ga shi yau bakin Hajiya ya buɗe, sai ya ga ai an shirya, har ana iya ɗan wasa. Ya matso, ya yi 'yar dariya, ya manta da kallon bango.

"Hajiya, ai ba garinsu ba ne, shi aiki kawai yake yi a nan. Kuma abin nan ya fi shekara dubu da faruwa. Wannan jaje naku ai ya yi latti ƙwarai."

Barira ta taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Hajiya ba ta ko waiwaye shi ba. Ta miƙe a hankali, ta kaɗe bakin zanenta, ta juya wajen 'yarta.

"Gaya wa mai lema ya yi haƙuri da lattin, ni yau na ji. Wani kuwa ranar da tawa katangar ta faɗi ya ji, ga shi har mun zo Turkiyya ina jira."