Lasifikar da Ta Tallata Haƙorina

Shekarar da lasifika mai naɗar murya ta shigo kasuwar Lafiya, ni na fara sayenta a layin 'yan shinkafa. Na gaya wa maƙwabta zamanin tsage maƙogwaro ya wuce, su dai su ci gaba da ihunsu.

A tsakar gidana a Akurba na naɗi tallar: "Shinkafa tsaf, babu tsakuwa ko ɗaya!" Ban tsaya saurare ba. Wa zai koya mini muryata?

Na rataye ta a rumfa, na ƙure sauti, na tafi sallar Azahar. Da na dawo na hango jama'a cike da rumfata, har na fara takun manyan attajirai. Ina matsowa na ji muryata ta gama alƙawarinta, sai ta matata ta biyo baya tar: "Maigida, wace shinkafar? Wadda ta fasa maka haƙori jiya?"

Ashe tun tafiyata haka take maimaitawa.

Har yau in mai saye ya tsaya, maƙwabcina Audu sai ya leƙo: "Alhaji, buɗe bakin ya ga samfur."