Hotunan Ambaliya da Na Goge da Hannuna

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban baƙi a Haɗeja ina gumi ba. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman shinkafa (ba don iya noma aka zaɓe ni ba, don ina da kwamfuta da tabarau ne).

Shekarar da ruwa ya cinye gonaki, mako uku muka yi a kwalekwale har Kirikasamma muna ɗaukar hoton gonar kowa. Da waɗannan hotunan za mu nemo wa mutane irin shuka daga wasu baƙi masu ba da tallafi.

Da safen taron kwamfutar ta fara nauyi, sai na sa manhajar share datti. Ta yi mini doguwar tambaya da Turanci, na danna amincewa ban karanta ba. Malama Hajara, mai buga mana takardu, ta leƙo ta ce, "Malam, ta jera abin da za ta goge idan an sake kunna kwamfutar. Na ga sunan hotunanmu a ciki. Buɗe jerin ka cire su."

Na gyara tabarau na ce, "Malama, wannan ba irin keken rubutunki ba ne."

A zauren taro majigi ya ƙi kamawa. Ni kuwa gwani, na kashe kwamfutar na kunna, har da ɗan murmushi ga baƙi. Majigi ya kama. Na buɗe ma'ajiyar hotuna, wayam! Hoto ɗaya ne ya tsira, shi ya cika bango: ni a kwalekwale, na ƙanƙame mai tuƙi, ido a rufe, baki a buɗe.

Alhaji shugabanmu ya dubi bangon ya ce, "Sakatare, wannan gonar wa ce?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ana cikin dariya Hajara ta taso ta miƙo mini filashi, ɗan abin nan na ajiye bayanan kwamfuta. Ashe ta kwafe komai sa'ad da na tafi gyara zaman hula. Manoma sun samu iri, ni kuma a zaɓe na gaba aka ɗora ni kan ɗaukar majigi.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Kwamfutar ta nemi izinina cikin ladabi kafin ta kunyata ni, ni kuma na ba ta.