Lita Uku Zuwa Bakin Gulbi

A wani daji da dabbobinsa suka gaji da ɗaukar kaya a ka da gadon baya, an yi wata shekara da aka haɗa hannu aka sayi mota. Mota ce mai shan dizal, fara, mai buɗaɗɗen baya. Aikinta ɗaya ne: duk Laraba da Asabar ta kwashi kabewa da gyaɗa da zumar jama'a daga Gindin Kuka ta kai kasuwar Bakin Gulbi, ta juyo da gishiri da kanwa. Tsakanin garuruwan biyu akwai duwatsu sittin da kakanni suka kafa a gefen hanya, kowanne da lambarsa, kuma da su ake sanin nisan tafiya.

Direban motar wani ɓauna ne mai suna Tunau. Ba shi da fara'a, ba ya iya doguwar gaisuwa, kuma in ya zauna a gaban mota sai ta ɗan karkata gefensa. Amma da aka zo zaɓen wanda za a damƙa wa makulli, ba a yi gardama ba, domin ba a taɓa kama shi da ko ƙwayar gyaɗar wani ba. Shi ma ya san da haka, kuma ba ya ɓoye cewa yana ji da wannan suna nasa. Ba shi da gona mai faɗi, ba shi da sarauta. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

Wanda ya kawo motar kuwa wani dila ne, Korau, wakilin masu ƙera ta. Ya zo da ita tare da takarda mai sheƙi, wadda Majalisar Awo ta dajin ta buga wa hatiminta. Abin da takardar ta ce a bayyane yake: lita ɗaya, dutse ashirin. Ke nan lita uku ta isa ta kai mota Bakin Gulbi.

Tun makon farko Tunau ya gane motar ba ta san da wannan zance ba. Lita ɗaya kan kai shi dutse goma sha biyu, in ya lallaɓa ta. Sai ya gaya wa mai ajiyar mai, aka riƙa zuba masa biyar a zuwa, biyar a dawowa, kaya suna isa kasuwa, kowa yana barci lafiya. Aka ɗauki wata bakwai a haka, har ranar da wani mai son a san ya iya karatu ya tsaya gaban takardar, ya karanta wa jama'a da ƙarfi, sannan ya yi tambayar da ba ta buƙatar amsa: to ina sauran lita biyun suke zuwa?

Tunau ne na ƙarshen jin labarin, kamar yadda aka saba. Matarsa Tabawa ce ta dawo daga tafki da tulunta rabi, ta ajiye shi ba tare da ta dubi mijinta ba.

"Malam," ta ce, "yau matar Zomo ta tambaye ni nawa muke sayar da lita. A gaban kowa ta tambaya. Aka yi dariya har da waɗanda na yi wa wankan jego."

Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma bai ji tsoro ba ko kaɗan.

"Share hawayenki, Tabawa," ya ce. "Wannan ba magana ce mai wuya ba. Motar tana nan, hanyar tana nan. Gobe zan kai kaina Majalisa."

Washegari da hantsi aka taru a gindin kuka. Shugaban Majalisar Awo wani raƙumin dawa ne, Magaji Dogo, wanda ke iya hango abin da ake yi a daji na uku amma ya daɗe bai ga abin da ya taka ba. Shi ne ya buga hatimin da hannunsa, kuma bai manta ba.

Korau ya fara magana, cikin ladabi da taushin murya.

"Ranka ya daɗe, ni ban zo in tuhumi kowa ba. Malam Tunau ɗan'uwana ne, mun sha ruwa a tafki ɗaya. Amma wannan lamba ba ni na ƙirƙiro ta ba. An gwada motar nan a gaban wakilan wannan Majalisa mai daraja, an auna, an rubuta, an buga hatimi. Duk wanda ya ce lambar ƙarya ce, ba da ni yake ba, da hatimin yake. Ni ɗan aike ne kawai. Ga ma wadda ta tuƙa motar ranar gwaji, a tambaye ta."

Aka kira Iya Kande, wata tsohuwar hawainiya, wadda ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta iso tsakiyar fili. Kowa ya san ba ta ƙarya, domin ƙarya tana son sauri, ita kuwa ba ta da shi.

"Allah ya ja zamaninka, ashirin ta yi," in ji Iya Kande. "Ni na tuƙa, kuma ashirin ta yi cif. A busasshen tafkin Faƙo muka yi gwajin, inda babu hawa babu gargada. An cire kujeru, an cire safaya, an cire madubai don kada su tare iska. An bar mini sitiyari da ɗan matashin da zan hau. An cika tayoyi da iska har suka yi tauri kamar goruba. Muka jira kwana huɗu kafin iska ta juyo ta bayanmu. Ban taka birki ba ko sau ɗaya, don babu abin da zan taka wa. Kaya kuwa, ni ce kayan."

"Kin ji ko an yi wani abin da doka ta hana?" Magaji Dogo ya tambaya daga can sama.

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe. Na tambaya ma, aka nuna mini dokar. Ba ta ambaci kujeru ba."

Shugaba ya gyaɗa dogon wuyansa cikin gamsuwa, kamar an gama shari'a. Sai Tunau ya tashi.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya magana irin ta Malam Korau ba. Na yarda Iya Kande ta yi ashirin. Amma ni ba a tafkin Faƙo nake tuƙi ba. Hanyata tana da hayi bakwai, da rairayin Kwazazzabo, da garken gwanki da ke tsallakawa ba sallama. Ina ɗauke da kabewa ɗari biyu, ga ni kuma yadda Allah ya yi ni. Ba na roƙon a yarda da ni. A juye tankin nan tas, a zuba lita uku a gaban kowa, a liƙe murfin da danƙo, Shugaba ya hau baya ya sa ido. In ta kai Bakin Gulbi, ni ɓarawo ne, a karɓi makulli a kore ni daga dajin nan. In ba ta kai ba, a faɗi gaskiya da ƙarfi yadda matar Zomo za ta ji."

Babu yadda za a ƙi wannan a gaban jama'a. Ranar Asabar aka yi duk yadda ya ce. Har aka sauke kabewa daidai nauyin Shugaba, don kada a ce an zalunci mota. Korau da Iya Kande suka zauna a gaba, rabin daji kuma ya biyo baya a guje yana shaƙar ƙura.

Tunau bai taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Ya riƙa taɓa totur kamar mai taɓa ƙwai, yana sakin mota ta gangara da kanta duk inda hanya ta ba shi dama. Yana ƙirga duwatsu a zuci, kuma kowane dutse da ya wuce hankalinsa ƙara kwanciya yake. Sun wuce na talatin, sun haye Kwazazzabo. Daidai dutse na talatin da shida motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru, ta tsaya a tsakiyar rana.

Ya sauko a hankali ya jingina da ƙofa. A ganinsa motar ta gama magana. Cikin taron da ke isowa da haki ya hango Tabawa, a karon farko cikin mako guda kanta a ɗage.

Magaji Dogo ya duba danƙon, yana nan yadda aka liƙa shi. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya rasa inda zai sa idonsa. In ya ce mota ta yi ƙarya, ya ce hatiminsa ya yi ƙarya ke nan. A nan ne Korau ya zagaya ya tsuguna gaban dutsen, yana shafa shi kamar mai neman wani abu.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, tambaya ce ta jahili. Motar nan tana da hatimi. Takarda tana da hatimi. Jarkar da aka auna mai da ita tana da hatimi. Na duba dutsen nan gaba da baya, ban ga hatimin Majalisa ba. Wa ya auna shi? Yaushe? Da wane izini? Kakanninmu mutanen kirki ne, Allah ya jiƙansu, amma da ƙafa suka auna hanyar nan, kuma ba mu san ko ƙafar wa ba ce. Abu uku masu hatimi sun ce an yi tafiyar dutse sittin. Abu ɗaya marar hatimi ya ce talatin da shida. Ni dai ban isa in gaya wa Majalisa wanda za ta gaskata ba."

Wuyan Shugaba ya miƙe kamar an zuba masa ruwa. Nan take, a gefen hanya, Majalisa ta zauna, kuma ba ta taɓa yanke hukunci da sauri irin na ranar ba. An gano cewa duwatsun kakanni sun yi wa juna nisa fiye da kima. Inda motar ta tsaya, nan ne dutse na sittin na gaskiya. Bakin Gulbi kuwa, in aka bi wannan awo, tana kan dutse na ɗari. Lita biyar, dutse ɗari: ashe tun farko Tunau daidai yake shan mai, takarda ma daidai take, ba wanda ya yi kuskure sai matattu.

Jama'a suka yi ta murna, don kowa yana son shari'ar da ba ta da mai laifi. Magatakarda ya rubuta hukuncin, ya kawo tawada. Saura abu ɗaya: direba, a matsayinsa na wanda ya fi kowa sanin hanyar, ya dangwala kofato ya shaida cewa duwatsun ne ba daidai ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Tunau, "shekara talatin ina bin hanyar nan, da ƙafa kafin mota. Duwatsun nan lafiyarsu ƙalau. Motar ce ba ta yin ashirin."

Magaji Dogo ya sauko da kansa ƙasa har saitin kunnen Tunau, abin da bai cika yi wa kowa ba, ya yi magana a hankali kamar uba.

"Malam Tunau, ka yi tunani. In duwatsu daidai suke, takarda kuma ba ta ƙarya, to mai ya ɓata a hannunka yau, a gaban idona, cikin tankin da aka liƙe. Sai Majalisa ta rubuta cewa ka san wata hanyar ɗibar mai da ko danƙo ba ya hana ta. Wannan ya fi na da muni. Mu so muke mu wanke ka. Kai ma ka taimake mu."

Tunau ya dubi dutsen. Ya san shi tun yana ɗan maraƙi, a inuwar bishiyar da ke bayansa uwarsa kan tsaya su huta. Ya dubi Iya Kande, ta juya ido ɗaya gabas ɗaya yamma, ba ta yarda ko ɗaya ya faɗa kansa ba. Sannan ya dubi Tabawa. Tana tsaye kusa da matar Zomo, tana jiran kalmar da za ta koma tafki da ita gobe. Ya gane ya ci shari'ar da ya zo ci, kuma ba za a ba shi ita ba sai ya biya da abin da ya zo karewa.

Ya tsoma kofato a tawada ya dangwala.

Aka yi shela da ƙarfi cewa Tunau ɓauna amintacce ne, bai taɓa cin ko ɗigon man jama'a ba. Korau ne ya fara rungume shi. Matar Zomo ta riƙe hannun Tabawa tana cewa ita dama ba ta taɓa yarda da zancen ba. Tabawa ta yi ta dariya da hawaye, ta kasa gane dalilin da ya sa mijinta ya ƙi ɗaga kai. Tun da aka haife shi bai taɓa shaidar zur ba sai ranar, kuma ranar ce aka rubuta a takarda cewa shi mai gaskiya ne.

Aikin gyaran hanya ya ci mako uku. Aka tumɓuke duwatsun kakanni aka matso da su kusa da juna, aka sassaƙo sababbi arba'in, kowanne da hatiminsa a goshi. Tunau ne ya yi jigilarsu a motar, don babu wanda ya kai shi sanin hanya.

Tun daga wannan shekara babu motar da ta sake saɓa wa takardarta a dajin. Garuruwan ne dai suka ƙara nisa.